Zazzaɓi Ba Sunan Ciwo Ba Ne

'Yan'uwana ɗalibai da malamanmu, ina roƙo ku saurare ni kaɗan, gama akwai wata magana da na ke so in sa a gabanku. Ga ta: ya kamata kwalejinmu ta koya wa kowane ɗalibi alamun ciwon da ba ya jiran gobe a jikin yaro, kamar yadda ta ke koya mana shirya darasi da riƙon rajista.

Ku dubi Kumagannam, cikin ƙasar Yusufari, inda na yi koyon aikin koyarwa. Manyan asibitocin da mutanen wannan yanki su ke dogara da su suna Gashuwa da Nguru. Mutumin da ke ƙauye can bayan tuddan rairayi ba ya saɓa ɗansa ya kama hanya sai ya ga babu makawa, domin kuɗin mota ba abin wasa ba ne. To, wa zai faɗa masa lokacin ya yi? Sau da yawa babu mai karatu kusa da shi sai malamin makaranta.

Abin da ke ruɗa iyaye shi ne kalman nan "zazzaɓi". Jikin yaro ya yi zafi, sai a ce zazzaɓi ne, a aika kyamis a sayo ƙwaya. Amma zafin jiki ƙofa ce kawai, cututtuka da yawa ta nan su ke shigowa, kowace kuwa da nata magani. Bari in ambaci uku.

Na fari, zazzaɓin cizon sauro, wanda ya fi yawa da damina da kaka. Gane shi ba wuya: ɗigon jini ɗaya daga yatsa, cikin minti 20 an sani. Idan ya yi tsanani, watau yaro na jijjiga, ko ya kasa shan nono, ko yana amayar da kome, ko tafin hannunsa ya yi fari fat, ƙwaya ba ta isa, sai allurar artesunate a asibiti, wani lokaci har da ƙarin jini. Jijjigan nan ne a kan ce iska ce, a tsaya turare har dare ya yi.

Na biyu, sanƙarau, baƙon rani. Yakan zo da ciwon kai mai tsanani, wuya ya sandare, jariri kuwa maɗigarsa ta kumbura. Yana iya kashe yaro cikin kwana ɗaya, wanda ya tsira kuma wani ya kurmance. Likita yakan ɗebi ruwa daga gadon baya don ya tabbatar. A 1996 ya kashe mutum fiye da 11,000 a Nijeriya, a 2024 kuma ya shiga makarantun kwana a wajen Potiskum, ɗalibai su ka rasu. A wannan shekara ta 2024 ce Nijeriya ta riga kowace ƙasa a duniya fara yin sabuwar allurar rigakafi mai tare iri biyar na ƙwayar cutar.

Na uku shi ne ya fi damuna, watau mashaƙo. A annobar 2023, in an ɗebe Kano, babu jihar da ta kai Yobe yawan waɗanda su ka kamu, galibinsu yara ne da ba a yi wa rigakafi ba. Yakan fara kamar mura da ciwon maƙogwaro. Sa'an nan wata yana mai ruwan toka ta shimfiɗu a maƙogwaron, wuya ya kumbura, numfashi ya yi wuya. Ƙwayar cutar tana zuba dafi cikin jini wanda ke taɓa zuciya, maganin karya dafin kuwa sai a asibiti, kuma ba ya gyara ɓarnar da dafin ya riga ya yi. Saboda haka kowane yini da aka ɓata hasara ne. A irin wannan hali ne tsohuwa za ta leƙa bakin yaro ta ce belu ne ya sauka, a kira wanzami. Ba raina wanzamai na ke yi ba, suna da aikinsu. Amma sa ƙarfe cikin maƙogwaron mai mashaƙo, sa'an nan a kai ƙarfen nan bakin wani yaro, wannan ba taimako ba ne.

Na san wani zai ce, "Mu malamai ne, ba likitoci ba." Gaskiya ne ƙwarai, kuma ba na so in ga malami da sirinji a aljihu. Wanda ya karanta sunan magani biyu ya mai da kansa likita ya fi jahili haɗari. Abin da na ke nema ƙarami ne: malami ya san lokacin da zai ce wa uba, "Malam, wannan ba na kyamis ba ne, a tafi yau." Yaro arba'in su ke zaune gabansa kowace safiya. Shi ne zai fara lura yara uku 'yan unguwa ɗaya ba su zo ba, duka da ciwon wuya, ya sanar da malamin asibiti na gari tun abin bai yaɗu ba.

Wani kuma zai ce iyaye ba sa jin magana. Tsoronsu yana da tushe. Mutane ba su manta gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara masu sanƙarau a Kano a 1996 ba. Mai irin wannan tsoro ba ya jin baƙon da ya zo da mota ya koma da la'asar, amma yakan ji malamin da su ke sayen gero kasuwa ɗaya.

Ina roƙon shugabannin kwaleji su gayyato ma'aikatan asibiti, ko da mako ɗaya ne kafin a rarraba mu koyon aiki, su nuna mana alamun nan da hotuna. Su koya mana kuma karanta katin rigakafi, gama allurar da ke tare mashaƙo sau uku a ke yinta, a mako na 6 da na 10 da na 14 bayan haihuwa, ranar ɗaukar sababbin yara kuwa malami yana iya neman katin nan ya duba.