An kwashe kaya, ina makomar ma'aikata?

Zuwa ga Edita,

Ranar 22 ga Disamba 2023 sojojin Faransa na ƙarshe suka bar Nijar, Amurkawa kuma suka miƙa sansaninsu na Agadas ranar 5 ga Agusta 2024. An ga jirage suna tashi, an ga ayarin motocin Faransa ya nufi Chadi ta ƙasa. Direbobi da masu girki da masu wanki da tafintoci 'yan ƙasa da suka yi musu aiki kuwa, ba a cika jin maganarsu ba.

Mutanen Magariya da Dungas ba baƙi ba ne a wannan labari. Samarinsu kan tafi ci-rani Agadas da Libiya da Najeriya, duk inda aiki ya samu. A ƙasar Damagaram kuma an san mazan jiya, waɗanda Faransa ta ɗiba zuwa yaƙe-yaƙenta. A 1959 ta daskarar da fanshonsu, sojan Bafaranshe yana karɓar ninki-ba-ninki na abin da abokin yaƙinsa baƙar fata ke samu. Sai bayan 2006 aka fara gyara da gaske, lokacin da akasarinsu sun riga mu gidan gaskiya.

A Aljeriya abin ya fi muni. Da yaƙi ya ƙare a 1962, Faransa ta kwance wa Harki makamai, wato 'yan ƙasar da suka yi yaƙi a gefenta, ta bar mafi yawansu a baya, aka kashe dubbai. Shugaba Macron bai nemi gafararsu ba sai a Satumba 2021, wata guda bayan da duniya ta kalli 'yan Afganistan suna bin jirgin Amurka da gudu a filin Kabul. An kwashe sama da mutum 120,000 a makonni biyu, duk da haka tafintoci da yawa ba su samu shiga ba.

Alhamdulillahi, a Nijar ba a kai ga haka ba, kuma ba wanda ke roƙon a kai kowa Turai. Amma mai dafa wa soja shinkafa ba maci amanar ƙasa ba ne, magidanci ne mai neman na hatsi. Ya kamata ma'aikatar ƙwadago ta tattara sunayen waɗannan ma'aikata, ta bi musu haƙƙin sallamarsu wurin kamfanonin da suka ɗauke su, ta ba su takardar shaidar aiki. Sarakuna da malamai kuma su hana a riƙa nuna su da yatsa a gari.

Wassalam,
Mai karatu daga Magariya