Ingila ta sallami idonta na sama kafin sabon ya iso

Jama'a, da ma mun ɗauka mu kaɗai ne gwanayen yanke kasafi a inda bai kamata ba. Ashe har Turawa.

Akwai wani jirgin soja da ake kira AWACS, mai katon faifai a bayansa. Ba ya jefa bam. Aikinsa ya yi ta shawagi da rada, ya hango jirgin abokan gaba tun daga nesa, har wanda ke tafe ƙasa-ƙasa, sannan mutanen da ke cikinsa su gaya wa jiragen yaƙi inda za su nufa. Ofishin kwamanda ne yake yawo a sama.

Ingila tana da nata, E-3D, an gina su kan tsohon Boeing 707. Sun tsufa, kayan gyara sun yi wuya. A 2019 ta yi odar sababbi guda 5, E-7 Wedgetail, irin waɗanda Ostireliya da Turkiyya da Koriya ta Kudu ke amfani da su. A 2021 sai aka ce a yi tsimi, aka mayar da su 3. A shekarar ce kuma aka ajiye tsofaffin, daga baya aka sayar wa Chile. Sababbin ba su iso ba, aka shafe shekaru ana leƙen sama da jiragen NATO. Hangen Dala dai ba shiga birni ba ne.

Abin da ya fi ba ni haushi, rada biyar ɗin an riga an ɗaura yarjejeniyar sayensu, sai da aka biya. Wato an zubar da jirgi biyu, kuɗin kuwa ɗan kaɗan ya ragu. Kuma duk wanda ya taɓa kula da motocin ofis ya san uku ba uku ba ne: ɗaya na gareji, ɗaya ana koyar da sababbi, saura ɗaya. Mu ma an taɓa gwanjon motocinmu kan alkawarin sababbi, muka shekara muna zuwa duba aiki a motar haya.

Na ji masu cewa zamanin waɗannan jirage ya wuce, tauraron ɗan'adam zai gaje su, tunda Yukren ta ce ta kakkaɓo A-50 na Rasha har biyu a farkon 2024. Hujja ce mai ƙarfi, ban musa ba. Amma tauraron da zai yi wannan aikin fa har yanzu gwajinsa ake, jirage marasa matuƙi kuwa yau suke tsallaka iyaka.

Akwai tsofaffin sojojin sama a cikinku, ku gyara mini in na kauce.