MACIJI A ƊAKI BA AIKE BA NE



Kowace shekara in ruwa ya kankama a Kumasi, daga Afrilu zuwa Yuli, sai mu riƙa jin labari iri ɗaya a Aboabo da Asawase da Tafo. An ga gamsheƙa a bayan randa, an ɗaga buhun gawayi an tarar da maciji a naɗe, wata ta shiga kewaye da asuba ta fito da salati. Wannan ba abin mamaki ba ne. Abin da ya dame mu shi ne maganar da ke biyo baya. Tun ba a jefar da gawar macijin ba, sai ka ji ana raɗa, wai aike ne, wai kishiya ce, wai maƙwabcin nan ne da aka yi rikicin iyaka da shi.

To, mu dai mun ce ba haka ba ne. Ruwa ya cika masa rami, ya fito neman busasshen wuri, kuma cikinsa yake bi. Abincinsa ɓera da kwaɗo da ƙwan kaji. Gidan da aka jibge masara a ƙasa, ga tulin itace jikin bango, ga bola a bayan katanga, ga akurki dab da ƙofar ɗaki, ai an shimfiɗa wa ɓera tabarma, maciji kuwa na tafe a bayansa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Masu sababbin gine-gine a gefen gari kuma su tuna, jiya-jiya wurin nan gonar koko ce.

Illar wannan zato ba ta tsaya ga ɓata zumunci ba, har rai tana ci. Wanda ya gaskata aike ne, ba asibiti zai nufa ba. Sai a ɗaure ƙafa tamau, a tsaga da reza, a manna baƙin dutse, a zauna jiran mai magani. Dutsen nan ba ya zuƙe dafi, ɗaurin kuwa yakan kashe ƙafar. 'Yan'uwanmu masu fatauci zuwa Tamale da Wa da Bolga sun san kububuwa. Ƙarama ce, amma dafinta hana jini daskarewa yake yi. Mutum zai wuni yana hira, ana cewa magani ya ci, kashegari jini ya ɓalle ta dasashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta saran maciji na kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a shekara, kuma a 2017 ta sa shi cikin cututtukan da aka yi wa sakaci.

Saboda haka in abin ya auku, a kwantar da mutum, a cire zobe da munduwa, kada ya taka ƙafar, a ɗauke shi a mota zuwa asibiti, a yi masa addu'a a hanya. In gamsheƙa ce ta yi tofi a ido, a yi ta wanke shi da ruwa mai yawa, sa'an nan a tafi. Kada samari su ɓata lokaci wajen farautar macijin, garin haka akan sari na biyu.

Muna roƙon sarakunan Zango da limamanmu su ja kunnen jama'a ran Juma'a, masu unguwanni kuma su sa ranar aikin gayya a kwashe bola, a yashe kwatoci, tun ruwa bai sauka ba.

Wassalam.