Martani Ga Mai Cewa Sai Steam

Malam, na karanta rubutunka inda ka ce duk mai buga wasan kwamfuta da ya san ciwon kansa ya tsaya a Steam, ya ƙaurace wa Epic Games Store. Wannan fushin aro ne. Ya yi ƙamari a 2019, lokacin da aka janye Metro Exodus daga Steam aka killace shi a kantin Epic na shekara guda, 'yan wasan Turai da Amurka suka harzuƙa. Su suna da katin da zai sayi wasan dala 60 ba gargada. Matashin Unguwar Gano ko Gyadi-Gyadi, wanda ya yi tari ya sayi kwamfuta ta hannu, wanda a baya bankuna suka daɗe suna toshe wa katinsa na naira sayayyar waje, me ya haɗa shi da wannan rigima? Epic yana raba wasa kyauta kowane mako, a 2020 har GTA V ya bayar. Ga wannan matashi, hanyar halal ke nan ta mallakar wasa, maimakon kwafin sata da ake turawa a fulash.

Za ka ce manhajar Steam ta fi inganci, ga sharhin masu saye. Haka ne. Amma Valve, kamfanin da ya mallaki Steam, yana yankar kashi 30 cikin ɗari na ciniki, Epic kashi 12, kuma sai gab da buɗe kantin Epic a Disamban 2018 Valve ya rage kasonsa kan manyan wasanni. Gasa ce ke kare mai saye. Ka daina hana yaranmu shiga kasuwar da ta fi musu sauƙi.