Randebu ta intanet: mu duba kafin mu biya

Duk lokacin da Salla ta gabato, mata kan wuni a layi wurin tela, mai kitso ko mai lalle, ciniki na wuce su a kasuwa. Shi ya sa ake tallata mana manhajojin tsaida randebu ta intanet irin su Calendly, wadda Tope Awotona, haifaffen Legas, ya kafa a Amurka a 2013. Mai buƙata yana zaɓen rana da awa da kansa ta salula.

Abin yana da amfani, amma ƴan kasuwa mu yi hattara. Yawancin masu zuwa wurinmu saƙon murya suke turowa ta WhatsApp, ba su cika rubutu da Faransanci ba. Kuɗin kafin alƙalami kuma, Calendly ta PayPal ko Stripe take karɓarsu, alhali mu da Nita, Amana da Airtel Money muka saba. Kuɗin wata-wata ma sai da katin banki.

Saboda haka mu fara gwada ta kyauta wata guda, littafinmu na hannunmu. Idan layi bai ragu ba, kada mu fidda ko dala.