Ra'ayi: Kwamfutocin Wudil na buƙatar maigadi mai riƙe da jerin sunaye

Ɗalibin da ya je rubuta jarrabawar JAMB ya san ƙa'ida. Ba a tambayarsa ko shi mutumin kirki ne. Ana duba sunansa, a ɗauki hoton yatsansa, in bai dace da abin da ke cikin na'ura ba, ba zai shiga ba. Tun shekarar 2015 da hukumar ta koma yin jarrabawar gaba ɗaya a kan kwamfuta, jama'a suka saba da wannan tsari.

Abin mamaki shi ne, kwamfutocin da jama'a ke amfani da su kullum ba su samu irin wannan gata ba. Duk manhajar da ta zo, ko daga filashi ko daga intanet, ƙofa a buɗe take. Ya kamata wannan ya sauya, musamman a gari irin Wudil.

Wudil ba kasuwar Kara da gada kaɗai ba ce. Garin na ɗauke da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote, wadda ta fara aiki a 2001, da a baya ake kira KUST, ga kuma Kwalejin 'Yan Sanda ta Najeriya. Inda ɗalibai suka taru, shagunan buga takardu da na intanet kan biyo baya. A irin waɗannan shaguna ake rajistar kwasa-kwasai, a biya kuɗin makaranta, a buga kundin kammala karatu. A nan ake shigar da lambar NIN, lambar katin banki da kalmar sirri ta imel, a kan kwamfutar da hannaye da yawa suka taɓa a yini guda.

Anti-bairos kaɗai bai isa ba

Yawancin masu shaguna da ofisoshi sun dogara ne da anti-bairos. Aikinsa kamar na maigadin da aka ba hotunan ɓarayin da aka sani ne. In baƙuwar fuska ta zo, sai ya yi hasashe, wani lokaci ya dace, wani lokaci ya bari ta wuce. In kuma an yi watanni ba a sabunta shi ba saboda tsadar data, to hotunan da ke hannunsa sun tsufa.

Tsarin taƙaita manhajoji yana juya lissafin ne. Mai kula da kwamfuta zai rubuta abin da aka yarda ya yi aiki: manhajar rubutu, burauza, manhajar furinta, da makamantansu. Duk abin da ba ya cikin jerin, ba zai tashi ba, ko da an kwafo shi an ajiye a cikin na'urar.

Misali mafi kusa shi ne bairos ɗin nan da ke ɓoye fayiloli a filashi, ya bar gumaka na bogi a madadinsu. Ɗalibi na danna gunkin, wani ɗan umarni da ke ɓoye sai ya fara aiki, ya kama kwamfutar, ita kuma ta shafa wa filashin da ya biyo baya. A kwamfutar da aka taƙaita, umarnin ba ya cikin jerin, don haka dannawar ba ta haifar da komai.

Kayan aikin ba baƙi ba ne. Kamfanin Microsoft ya fito da AppLocker tun zamanin Windows 7 a 2009. Da Windows 10 ya kawo wani tsari mafi ƙarfi, wanda yanzu ake kira App Control for Business. A 2022 kuma ya ƙara Smart App Control a Windows 11 domin masu amfani na gida. Suna cikin Windows ɗin, ba sai an je kasuwa an sayo su ba.

Hatsarin da ke cikin direba

Akwai wata ƙaramar manhaja da ake kira direba, wadda ke yi wa kwamfuta tafinta tsakaninta da furinta, sikana ko na'urar ɗaukar yatsa. Yawancin direbobi na aiki ne a can cikin zuciyar Windows, inda suke da iko daidai da na anti-bairos ɗin kansa. Wanda ya mallaki direba, ya mallaki gidan.

Masu kutse sun gane haka. A farkon 2020, kamfanin tsaro na Sophos ya bayyana yadda masu manhajar garkuwa da bayanai ta RobbinHood ke shigo da wani tsohon direban kamfanin Gigabyte, mai sa hannu na halal amma mai rauni, su yi amfani da shi su kashe anti-bairos kafin su kulle fayiloli. RobbinHood ɗin ce ta gurgunta ayyukan birnin Baltimore na Amurka na tsawon makonni a 2019. Wannan dabara ce ta sa Microsoft ke ajiye jerin direbobi masu rauni da Windows zai ƙi lodawa, kuma tun 2022 jerin na zuwa a kunne a Windows 11.

Yanzu a dubi yadda ake yi a nan. Furinta ta ƙi aiki, mai gyara ya zaro filashinsa mai ɗauke da tarin direbobi da ba a san asalinsu ba, ya zuba. Furinta ta tashi, kowa ya yi murna. Ba wanda ya tambayi me ya shigo tare da ita.

Inda gizo ke saƙar

Babban cikas ba fasaha ba ne. Kwamfutoci da dama na tafiya ne da Windows da Office na kwafi, waɗanda ake kunna su da manhajar karya lasisi. Irin wannan manhaja kan buƙaci a kashe anti-bairos kafin ta yi aiki. Mai shagon da ya yi haka shi ya tsaga bangon da kansa, ƙadangare kuwa ba ya jiran gayyata. Ba zai yiwu a kafa jerin amintattun manhajoji a kan tubalin da ba a amince da shi ba.

Masu shaguna na da hujja: lasisi na da tsada, ga kuɗin mai na janareto. Amma akwai mafita. LibreOffice kyauta ce kuma halal. Kwamfutar da aikinta rajista a intanet kawai, Linux zai riƙe ta. Wannan ya ƙara muhimmanci tun da Microsoft ta daina ba Windows 10 tallafin da aka saba ranar 14 ga Oktoba, 2025, alhali tsofaffin kwamfutoci 'yan tokumbo da yawa ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba.

Wasu za su ce taƙaitawa na daƙile koyo, musamman ga ɗaliban kimiyyar kwamfuta da dole su rubuta manhaja su gwada. Gaskiya ne. Amsar ita ce a raba: ɗakin gwaji ya zauna a sake, a kan layin intanet nasa daban. Kwamfutar ofishin kuɗi, ta sakamakon jarrabawa da ta bayanan marasa lafiya kuwa, a kulle su tam.

Haka kuma tsarin ba laya ba ne. Ranar 19 ga Yuli, 2024, wani sabuntawa mai kuskure daga kamfanin CrowdStrike ya durƙusar da na'urorin Windows kusan miliyan 8.5 a duniya, kuma manhajar amintacciya ce. Don haka ajiye kwafin bayanai a wani wuri daban na nan daram.

Ta ina za a fara?

Da farko a cire wa kowa ikon admin, in ban da mutum ɗaya mai alhakin na'urorin. Sannan a kunna tsarin a yanayin sa ido, inda yake rubuta abin da zai toshe ba tare da ya toshe ba. Bayan makonni a duba, a shigar da abin da ake buƙata, kafin a kulle. Wanda ya tsallake wannan mataki zai wayi gari manhajar albashi ta ƙi buɗewa, daga nan kowa ya tsani tsarin.

Doka ma ta shigo ciki. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa masu riƙe bayanan jama'a alhakin ɗaukar matakan kare su. Makarantu da asibitocin Wudil ya dace su zama na gaba, masu shaguna su haɗa kai su ɗauki ƙwararre ɗaya ya tsara musu. Garin da ke yaye masana kwamfuta duk shekara ba zai rasa mai wannan aiki ba.

Mai karanta wannan a waya ma yana da nasa kason. Manhajar da aka turo ta WhatsApp ko Xender, da WhatsApp ɗin jabu, da manhajar bashi da ba a san mai ita ba, duk ta ƙofar baya suke shiga. Android na da maɓallin hana sanya manhaja daga majiyar da ba a sani ba. A bar shi a rufe.