Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Ministan Lafiya na Burkina Faso

Ranka ya daɗe,

Daga Zangon Wagadugu nake gaisuwa. Maganata kan waɗanda Allah ya tashi kafaɗunsu daga ciwon daji ce. Ana sallamarsu da tulin shawarwari, amma da zarar an ji sunan mutum Musa ko Hadiza sai a tsallake zancen giya, wai Musulmi ba ya sha. Wasu suna sha, ranka ya daɗe, a ɓoye, kuma kunya ba za ta bari su tambaya ba. Wasu ma ba su ɗauke ta giya ba, don saiwoyi ne aka jiƙa a barasa ana sayar musu da sunan maganin basir ko ƙarin ƙarfi.

Tun 1988 hukumar binciken ciwon daji (kansa) ta duniya da ke Faransa ta sa barasa a aji ɗaya da taba wajen jawo ciwon. Jiki yana mayar da ita wani sinadari mai ɓata ƙwayoyin halitta, daga nan sai kansar baki, maƙogwaro, hanta, hanji da ta mama. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ko kaɗan ɗinta ba ta rasa haɗari. Burkutu, wadda ake kira dolo a nan, tana ciki. To ina ga wanda ciwon hanta ya riga ya raunana?

Hana giyar leda da aka yi a 2019 abin yabo ne. Saura a umarci likitoci su tambayi kowa, a keɓe, ba tare da wa'azi ba. A kuma sa saƙon a rediyo da Hausa, mu ji da kunnenmu.

Naka,
Wani ɗan Zango